Tsatsa a Ganyen Lik: Tambayoyin Masu Lambu da Amsoshinsu

Lik ɗan uwan albasa da tafarnuwa ne. Ganyensa shimfiɗaɗɗe ne irin na tafarnuwa, ba mai rami a ciki irin lawashin albasa ba, kuma ba ya yin kai. Dogon farin gindinsa ake nema. A Nijar an fi saninsa da sunan da aka aro daga Faransanci, puwaro. Masu lambu a kewayen Jos da Yamai suna nomansa domin kasuwa, wasu kuma suna dasa fangali ɗaya ko biyu a bayan gida. Cutar da ta fi yawan ɓata masa ganye a inda ake da sanyi da raɓa ita ce tsatsa.

Na ga ɗige-ɗige masu ruwan lemo a ganyen. Ta yaya zan tabbatar tsatsa ce?

Shafa farin ƙyalle ko ɗan yatsa a kan ɗigon. Idan ya bar gari mai launin tsatsar ƙarfe, ita ce. Babu wata cutar lik da ke barin irin wannan gari.

Tana farawa ne da ɗan tabo fari-fari ko rawaya wanda da wuya ido ya kama. Bayan 'yan kwanaki tabon ya kumbura ya zama ƙurji mai tsawon milimita 1 zuwa 3, mai ɗan tsayi yana bin jijiyar ganye, sai fatar ganyen ta tsage garin ya fito. Ƙurajen suna fitowa a sama da ƙarƙashin ganye, kuma tsofaffin ganyayen waje ne ke fara kamuwa, musamman wajen da ganye ya lanƙwashe ya rataya. Can gaba, idan ganyen ya tsufa, za a ga baƙaƙen tabo a kusa da ƙurajen waɗanda ba sa barin gari a hannu. Cutar ɗaya ce, ta shiga matakinta na jiran wata shekara.

Abubuwa uku ne ake yawan ruɗawa da ita. Ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, tirips, suna barin zane-zane masu ruwan azurfa da baƙaƙen ɗige na kashinsu, kuma idan aka buɗa tsakiyar ganye za a gan su suna gudu. Akwai cutar tabo mai ruwan shuni, wadda ke yin babban tabo mai zobe-zobe da ya kan kai tsawon yatsa, ganyen ya karye daga nan. Sai bushewar bakin ganye, wadda ƙishirwa ko gishirin taki ko iskar hunturu ke kawowa. Duk cikinsu babu mai kumburi, babu mai gari.

Daga ina take zuwa? Ƙasa ce, ko iri, ko ruwan rijiya?

Daga iska. Mai haddasa ta wani nau'in funfuna ne da masana ke kira Puccinia allii, wasu littattafan kuma Puccinia porri. Garin nan da ya maƙale a ƙyalle shi ne irinsa, kuma ƙurji guda yana fitar da dubbansa. Iska ta ɗauka, ta sauke a wani ganyen. In ta tarar da laima, ƙwayar ta tsira ta kutsa ta ƙofofin numfashin ganye, ta zauna a ciki tana cin abincin shukar. Kwana 10 zuwa 14 bayan haka sabon ƙurji ya fashe, a sake zagayowa.

Wannan lissafin kwanakin yana da amfani. Ƙurjin da aka gani yau ya shiga ne tun kusan mako biyu da suka wuce, kuma akwai waɗanda suka riga suka shiga ba su fito ba tukuna.

Wannan funfuna ba ya iya girma sai a jikin shuka mai rai. Ba ya zama cikin ƙasa yana jira kamar cututtukan ruɓar gindi, ba ya cikin ruwan rijiya, kuma 'ya'yan irin da ake saya a leda ba su ne hanyarsa ba. Hanyoyinsa su ne tsohon fangalin lik ko tafarnuwa da aka bari bayan an dasa sabo, da gyauron da ya tsira a gefen lambu, da tarin ganye mai cuta da aka watsar a bakin kunya, da kuma dashen da aka sayo da ƙuraje a jikinsa. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne saurin shigo da ita lambun da bai taɓa ganinta ba.

Me ya sa take tashi a wani lokaci, ta ɓace a wani?

Sanyi da laima take so tare. Ta fi kama ganye idan zafi yana tsakanin digiri 10 da 20, kuma iskar da ke kewaye da ganyen ta kusa ƙoshi da danshi har kamar awa 4. Idan zafi ya haura digiri 24 ko 25 ya zauna a haka, sai ta ja baya. Ba ruwan sama mai ƙarfi take buƙata ba. Raɓa, da hazon safe, da yayyafi marar ƙarfi sun fi mata.

Shi ya sa tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da Mambila da suka fi haka, suke da yanayin da ya dace da ita a damina, lokacin da gari ke wuni a lumshe. A ƙasa mai zafi irin Kano, Sakkwato ko Maraɗi, lokacin haɗari shi ne tsakiyar hunturu, Disamba zuwa farkon Fabrairu. Wani zai ce ai iskar hunturu busasshiya ce. Haka ne a fili, amma ba a cikin cunkushen fangali a fadama ba, wanda aka jiƙa da la'asar sakaliya dare ya yi sanyi a kansa. Laimar da ke tsakanin ganyaye ita cutar ke aiki da ita, ba ta sararin sama ba. Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kama, takan tsaya da kanta.

Za ta kashe mini shukar? Ana iya cin wanda ya kamu?

Da wuya ta kashe lik. Abin da take yi shi ne rage ganyen da ke dafa wa shukar abinci, sai gindin ya ƙi kauri. Idan ta zo saura wata ɗaya a cire, asarar ba ta wuce ta kyan gani ba. Idan ta kama ƙaramin dashe da bai kai wata biyu ba, nan ne ake samun sirara marasa nauyi.

Ana ci. Tsatsa ba ta kama mutum, ba ta saka guba a shukar, kuma ba ta taɓa farin gindin da ke cikin ƙasa. A yanke ganyen da ya yi ƙuraje, a ɓare bawo ɗaya na waje, a tsaga gindin biyu a wanke. Abin lura shi ne idan an yi feshi: nan maganin ne abin tsoro, ba cutar ba.

Mai kai wa kasuwa shi ya fi jin ta a jiki, domin ana sayar da lik da ganyensa, kuma masu sayen otal da 'yan sari ba sa son ganye mai ƙuraje.

Yau na fara ganinta. Me zan yi kafin komai?

A jira raɓa ta bushe, a zaɓi lokacin da ba iska. A ɗauki buhu ko babbar leda da wuƙa mai kaifi, a fara zagaya fangalolin da ba su kamu ba tukuna, sannan a ƙare da mai cutar, domin garin yana bin hannun riga da ƙafar wando. A kowace shuka a duba ganyayen waje uku, sama da ƙasa. Ganyen da ƙuraje suka cika ko ya fara rawaya, a yanke shi daidai inda ya rabu da kara, a saka a buhu nan take ba tare da karkaɗewa ba. A kwashe busassun ganyayen da suka kwanta a ƙasa. A cire ciyawa, domin tana tare iska. Idan akwai shukokin da suka matse juna, a tuge na tsakiya a kai kicin.

Daga ranar a daina zuba ruwa a kan ganye, a kuma dakatar da yuriya. A sake zagayen bayan kwana 4 ko 5, a ci gaba da haka har mako uku. Za a ga sababbin ƙuraje a zagaye na biyu ko da an yi komai daidai. Waɗanda suka riga suka shiga ne. Abin da ake aunawa shi ne sabon ganyen tsakiya: idan yana fitowa da tsabta, an ci ƙarfinta.

Me zai hana in aske duk ganyen da ke da ko da ƙurji ɗaya?

Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma gudun gara ne a faɗa gidan zago. Farin gindin lik ba kara ba ne na gaskiya, gindin ganyaye ne suka naɗe juna. Kowane ganye da aka cire, an rage wa gindin zobe ɗaya na kauri, an kuma rage abin da ke ciyar da sauran. Ganyen da ke da ƙurji biyar ko goma har yanzu yawancinsa kore ne, yana aiki.

Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen shuka a lokaci guda. Mai ganye tara, uku. Mai shida, biyu. Idan cutar tana rabin ganye na sama ne kawai, a yanke rabin a bar sauran. Kada kuma a fizgi ganye zuwa ƙasa da hannu, domin yakan ɓare har cikin ƙasa ya buɗe wa ruɓa ƙofa.

An ce taki ne ke jawo ta. Gaskiya ne?

Taki ba ya haifar da ita, amma yana shimfiɗa mata tabarma. Yawan naitirojin, wato yuriya ko ɗanyen kashin kaji, yana sa ganye ya yi laushi, ya yi ruwa-ruwa, ya yi duhu ya rufe fangali. Idan aka haɗa wannan da ƙarancin fotash, wani sinadarin abincin shuka, a ƙasa, tsatsa takan fi tsanani. Ƙasa mai yashi da ake yi wa ban ruwa kullum ita ta fi saurin rasa fotash.

Ga tsarin da ke aiki a lambun gida, a kan kowace murabba'in mita:

Kafin dashe, a haƙa ruɓaɓɓen takin gida kilo 2 zuwa 3, kamar cikin bokiti ƙarami, tare da kamfa 15-15-15 giram 30 zuwa 40. Marfin kwalbar lemo yana ɗaukar kusan giram 6, ke nan marfi 5 zuwa 7. Mako 3 ko 4 bayan dashe a saka yuriya giram 10, a nesa da gindi kamar faɗin yatsa huɗu, a rufe da ƙasa a ba da ruwa. Za a iya maimaitawa sau ɗaya bayan wani wata, daga nan a tsaya. Lik da ya fara kauri ba ya bukatar ƙarin yuriya.

Domin fotash, in ana samun salfet na fotash, giram 15 zuwa 20 ya isa. In babu, tokar itace da ba ta sha ruwa ba tana taimakawa: giram 70 zuwa 100, kamar cikin tafi biyu, a cuɗa da ƙasa. Kada a haɗa toka da yuriya rana ɗaya, domin toka tana sa naitirojin ya tashi ya bi iska. A bar mako biyu tsakani. Kada kuma a yi ta zuba toka kowace shekara a ƙasar da ta riga ta yi kanwa-kanwa.

Fotash ba ya warkar da ƙurjin da ya riga ya fito. Amfaninsa yana ganyen da zai fito nan gaba.

Wace tazara, kuma wane irin ban ruwa?

Tazarar da aka saba ita ce santimita 15 tsakanin shuka da shuka, 30 tsakanin layi da layi. Inda tsatsa ta saba zuwa, a buɗa zuwa 20 da 40. Za a sami 'yan kaɗan a fangali, amma masu kauri. A jera layukan yadda iskar da ta fi kaɗawa za ta ratsa tsakaninsu, kuma kada a dasa a jikin katanga ko ƙarƙashin mangwaro inda raɓa ke kaiwa hantsi ba ta bushe ba.

Akwai wata dabara ƙarama. Ganyen lik yana fitowa ne ɓangare biyu kawai, kamar mafici. Idan aka juya kowane dashe yadda maficin zai bi tsawon layi, hanyar da ke tsakanin layuka za ta zauna a buɗe, iska da mai lambu duka su sami wurin wucewa.

Ruwa kuwa a gindi, da safe. Kwararo shi a cikin kwari tsakanin kunyoyi ya fi watsa shi da buta mai rariya. In buta ce kaɗai ke akwai, a cire rariyar a sunkuyar da bakin kusa da ƙasa. Ganyen lik yana da kwari a tsakiya wanda ke tara ruwa ya gangarar da shi maƙogwaron shukar, ya kwana a nan. Amma kada tsoron tsatsa ya sa a bar shi da ƙishirwa: saiwarsa ba ta zurfi, kuma shukar da ta galabaita ita ma saurin kamuwa take yi.

Maƙwabcina yana da tsatsa a gyaɗarsa. Za ta tsallako?

A'a. Tsatsar gyaɗa, da ta masara, da ta dawa, da ta alkama, kowace da mai haddasa ta daban, kuma babu wadda ke kama dangin albasa.

Tsakanin dangin albasa ne maganar take da ɗan sarƙaƙiya. Cutar tana da nau'o'i, wani ya fi son lik, wani tafarnuwa. A 1998 ta yi mummunar ɓarna a gonakin tafarnuwa na Kalifoniya a Amurka, har amfanin wasu gonaki ya ragu da kusan rabi, amma da masana suka gwada wannan nau'in sai ya kama tafarnuwa da albasa ya ƙyale lik. A Turai kuwa lik ne ya fi shan wahala. A tsaunukan Habasha tana cikin manyan cututtukan tafarnuwa. Mai lambu ba shi da hanyar gane nau'in da ya sauka a fangalinsa da ido, saboda haka a ɗauka cewa lik da tafarnuwa da albasa mai ganye duka suna iya ba juna, a raba su gwargwadon faɗin lambu, a sa karas ko kabeji ko latas a tsakani. Tafarnuwa ta fi lik jin jiki idan ta kamu, domin kanta yana ƙanƙancewa sosai.

Yaushe feshi ya zama dole, kuma da wane magani?

A fangali ɗaya ko biyu na gida, yawanci kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Feshi yana da dalili ne idan shukar ƙarama ce, sanyi da raɓa suna da sauran makonni, kuma ƙuraje suna hawa sabon ganye duk da an yi gyaran da aka ambata. Ko kuma idan na sayarwa ne.

A karanta sunan sinadarin da ke jikin leda ko kwalba, ba sunan kasuwa ba. Iri biyu ne.

Na farko masu tsare bayan ganye: mankozeb da farar wuta mai narkewa a ruwa. Ba sa shiga cikin ganye, suna kashe ƙwayar da ta sauka ne kafin ta kutsa. Mankozeb mai ƙarfin kashi 80 ana yawan dama giram 2 zuwa 2.5 a lita, wato giram 32 zuwa 40 a injin goyo mai lita 16, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10 ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2021 saboda illarsa ga lafiya, don haka ba abin damawa da hannu tsirara ba ne. Farar wuta giram 2 zuwa 3 a lita. Tana ƙona ganye idan zafi ya haura digiri 30, kuma ba a fesa ta cikin mako biyu da fesa kowane irin mai.

Na biyu masu shiga cikin ganye: tebukonazol, difenokonazol, da azoksistirobin. Sun fi ƙarfi a kan tsatsa, suna iya tsayar da wadda ta shiga kwana kaɗan da suka wuce, kuma ana barin kwana 10 zuwa 14 tsakanin feshi. Ƙarfinsu ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, saboda haka ma'aunin da ke jikin takardar shi za a bi. Biyun farko gida ɗaya suke, azoksistirobin gidansa daban. Kada a fesa gida ɗaya fiye da sau biyu a jere, domin cutar tana sabawa.

Fangali mai murabba'in mita 10 ba ya shan fiye da rabin lita na ruwan magani. A dama abin da za a ƙarar a ranar kawai. A duba lambar NAFDAC a Najeriya, ko ta kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel a Nijar da Cadi. A sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu, a fesa da sassafe bayan raɓa ko da yamma idan iska ta kwanta. Kwanakin jira kafin ci suna rubuce a takardar. Ga lik sukan kai mako 2 zuwa 3. Idan abin da ya rage a cire bai kai haka ba, a haƙura da feshin.

Na yi feshi sau biyu, ƙurajen suna nan. Maganin jabu ne?

Mai yiwuwa, amma a fara duba wasu abubuwa. Ƙurjin da ya fito ba ya gogewa. Ko an kashe shi tabon yana nan, sai dai ya yi duhu ya daina gari. A sake gwajin farin ƙyalle, a kuma dubi ganyen tsakiya.

Sannan ganyen lik yana da kakin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. In ba a sa sinadarin manne magani ba, ko ɗigo 2 zuwa 3 na sabulun ruwa a kowace lita, rabin maganin ƙasa yake tafiya. Bakin injin ma yana da hannu: feshi mai laushi kamar hazo ake so, daga gefe biyu na layi, har ya sami ƙarƙashin ganye.

Akwai kuma kuskuren shago. Sau da yawa akan ba mai lambu maganin da ake yi wa dankali da tumatir mai ɗauke da metalaksil. Metalaksil ba ya taɓa tsatsa ko kaɗan. Wasu cututtuka daban aka yi shi dominsu. Maganin ƙwari kuwa, komai ƙarfinsa, ba ruwansa da funfuna.

Toka a kan ganye, ruwan darbejiya, ko bakin soda fa?

Hoda irin su bakin soda, wato sodar da ake sa wa kek, suna aiki ne a kan funfunan da ke zaune a bayan ganye, kamar farin garin da ke hawa kabewa da kuɓewa. Tsatsa tana cikin naman ganye, ba sa kai mata. Man darbejiya yana da amfani a kan tirips, kuma rage tirips alheri ne ga shukar, amma kada a dogara da shi a kan tsatsa. Toka a ƙasa take da amfani; a kan jiƙaƙƙen ganye tana iya ƙuna.

Wata dabara ta fito daga arewa maso gabashin Ingila, inda ake gasar nuna lik mafi girma: masu gasar sukan shafa man basilin a kan kowane ƙurji domin rufe garin. Ga mai shuka ashirin a bokitai wanda ya kama ta tun ƙurji goma, tana aiki. Ga mai fangali biyar, aikin baban giwa ne.

Ganyen da na cire: in zuba a ramin taki, ko in ba dabbobi?

A ƙona, ko a binne a rami mai zurfin aƙalla santimita 30 a rufe nan take. Tarin takin da ke yin zafi sosai, digiri 55 zuwa 60, yana kashe ta, amma yawancin jujin gida ba ya kai haka, kuma ganyen da ke saman tarin yana ci gaba da sakin gari kwanaki bayan an yanke shi.

Dabbobi kuwa, matsalar ba tsatsar ba ce. Dangin albasa suna da sinadarin da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini idan dabba ta ci da yawa. Shanu da dawaki da karnuka da kyanwa sun fi saurin cutuwa. Tumaki da awaki sun fi juriya, amma su ma ba a cika musu kwano da shi.

Akwai irin da ba ya kamuwa?

Babu wanda ba ya kamuwa sam, akwai dai masu juriya. A Turai ana sayar da irin su Apollo, Oarsman da Neptune da wannan suna, amma an yi su ne domin sanyin can. Waɗanda aka fi samu a shagunan iri na Afirka ta Yamma, irin su Gros Long d'Été, domin jure zafi da saurin girma aka fi zaɓensu. Hanya mafi sauƙi ita ce a dasa iri biyu gefe da gefe a shekara ɗaya, da taki ɗaya da ruwa ɗaya, a ga wanda ya fi tsabta.

Ina zaune a Ingila, ina da ɗan fili a lambun haya. Shawarar ɗaya ce?

Kusan duka, sai lokaci da magani. A can takan bayyana daga Yuli, ta yi ƙarfi a Satumba da Oktoba, sannan sanyin hunturu ya tsayar da ita, sabon ganye ya fito da tsabta. Magungunan da aka ambata a sama na manoman kasuwa ne masu lasisi, ba a sayar wa mai lambun gida su domin lik. Saboda haka tazara, da fotash, da iri mai juriya su ne makamin. Babbar matsalar lambun haya ita ce filaye suna manne da juna, kuma akan bar lik na bara a ƙasa har Afrilu ko Mayu, daidai lokacin da ake fito da sabon dashe, ga tafarnuwar da aka dasa tun kaka tana tsaye a tsakani.

Idan na canja wuri baɗi, na rabu da ita?

Canja wuri yana rage wadda ke kwance a tarkacen ganye, kuma yana da kyau a bar fangali shekara 2 zuwa 3 ba dangin albasa saboda cututtukan ƙasa. Amma abin da ke tafiya a iska ba ya jin nisan taku goma. Rabuwa a lokaci ta fi rabuwa a wuri: a tuge duk tsohon lik da tafarnuwa da gyauro, a share tarkace, a bar lambun wata ɗaya zuwa biyu babu koren ganyen dangin albasa kafin a fito da sabon dashe. A ƙasa mai zafi bazara tana yin wannan aikin kyauta, in dai ba a bar 'yan shukokin iri a inuwa kusa da rijiya ba.

Wurin renon iri ya kasance nesa da manyan shukoki, ta ɓangaren da iska ke fitowa. A yafa irin da sauƙi, kada ya fito kamar gashi. A dasa idan ya kai kaurin fensir, wajen mako 8 zuwa 10, a rami mai zurfin santimita 15. Dashen da aka sayo a kasuwa a kwance ɗaurin a duba ganye ɗaya-ɗaya a cikin haske. Ɗaurin da aka ga ƙurji ko ɗaya a ciki, akwai wasu da ba su fito ba, a mayar wa mai shi.